TSANI DA BANGO: DARASIN DA NA KOYA A FADAMAN MADA

Malam Edita, ka ba ni ɗan fili cikin shafin Hausa na wannan mujalla tamu, in gaya wa 'yan'uwana masu koyon aikin malanta wani darasi mai tsada. Ni na koyi darasin, amma wani dattijo ne ya biya kuɗinsa da hannunsa na dama. Na daɗe ina jin nauyin faɗin labarin, sa'an nan na ga in na ɓoye shi, wani zai sāke kuskuren da na yi.

Abin da ya faru

Sa'ad da aka rarraba mu koyarwar gwaji cikin shekarar 2024, sai rabona ya faɗa wata makaranta a unguwar Fadaman Mada, cikin garin Bauchi. Na yi murna ƙwarai, gama kawuna yana da gida a unguwar, na huta da neman masauki. Bangon gidan ta baya dogo ne, ya haura mita 5 in an haɗa da rawani, don an ɗaga harsashinsa saboda ruwa. Cikin watan Mayu iskar farkon damina ta karya indararon da ke jikin wannan bango. Kawu ya aika aka kira wani tsohon kafinta, wanda dukan gidan ke ce da shi Baba.

Kafin Baba ya iso, sai na ce bari in rage masa aiki. Na ɗauko tsanin katako, na jingina shi da bango. Na ga ya miƙe ƙwarai, na ce a raina tsoho zai sha wuyar hawa. Saboda haka na jawo gindinsa baya a kan daɓen siminti, har kansa ya sauko daidai ƙarƙashin indararo, ya zama kamar matakalar bene. Na hau mataki huɗu, na yi tsalle a kai, ko motsi bai yi ba.

Da Baba ya zo ya duba, sai ya ce, "Ɗana, wannan tsani ya kwanta da yawa."

Na ce, "Baba, na gwada shi da kaina. Ka hau kawai, ni zan riƙe maka."

Ya dube ni, ya ga Malam ne mai karatun boko, ya yi shiru, ya hau. Da ya kai mataki na goma na ga tsani bai ko girgiza ba, sai na saki, na juya in ɗauko masa kusoshi. Ban yi taki uku ba na ji ƙarar katako a kan siminti. Gindin tsani ya zame, Baba ya zo ƙasa da hannu. Wuyan hannunsa na dama ya karye. Ya yi mako shida bai riƙe guduma ba, ga shi kuwa da iyali.

Maƙwabta suka ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Kawu ya biya kuɗin asibiti, bai ce mini kome ba, shirunsa kuwa ya fi mini bulala zafi. Abin da ya hana ni barci shi ne tambaya guda: me ya sa tsanin da ya ɗauke ni ina tsalle ya kāsa ɗaukar tsoho mai hawa a hankali? Na auna kome, na yi lissafi, ga abin da na samu.

Ƙarfi huɗu da ke aiki a kan tsani

Tsanin da ke jingine yana kama da wanda ba abin da ya dame shi, alhali kuwa ƙarfi iri huɗu ne su ke kokawa a kansa.

Na ɗaya, nauyi. Duniya tana jan tsani ƙasa, tana jan mai hawa. Nauyin tsanin da katakonsa ya ke bai ɗaya, sai mu ɗauka duk ya taru a tsakiyarsa. Nauyin mutum kuwa yana inda ya tsaya.

Na biyu, tokarar ƙasa. Daɓe yana tokare gindin tsani, yana tura shi sama.

Na uku, turin bango. Kan tsani yana danna bango, bango kuma yana mayar da turi daidai gwargwado. Wannan ita ce ƙa'ida ta uku cikin ƙa'idodin motsi da Isaac Newton na Ingila ya buga cikin shekarar 1687. In kana shakka, ka jingina da bango da tafin hannu, ka ja ƙafafunka baya, za ka ji bango yana tura ka.

Na huɗu, riƙon ƙasa. Masana su kan ce da shi gogayya. Shi ne ya ke hana abu zamewa a kan wani abu, shi ya sa mu ke iya tafiya a busasshiyar hanya, mu ke faɗuwa a kan sulɓi. A gindin tsani wannan riƙo yana turawa wajen bango, yana hana gindin gudu.

Akwai ɗan riƙo tsakanin kan tsani da bango kuma, musamman bangon ƙasa mai kaushi. Amma a bango mai fenti ko bakin kwanon rufi bai taka kara ya karya ba, saboda haka za mu bar shi. In ya samu, riba ce, mutum mai hankali kuwa ba ya sa ransa cikin lissafin ribar da ba ta zo hannu ba.

Zan riƙa faɗin ƙarfi da kilo, yadda sikelin rataya ya ke nunawa, don yara su gane. A littattafan kimiyya da niyuton a ke aunawa, nauyin kilo 1 kuwa niyuton 9.8 ne.

Sharuɗɗa uku na tsayuwa

Tsani ba zai zauna lafiya ba sai abu uku sun cika.

Da fari, ƙarfin da ke turawa sama ya yi daidai da wanda ke ja ƙasa. Watau tokarar ƙasa daidai ta ke da nauyin tsani da na mai hawa a haɗe.

Na biyu, ƙarfin da ke turawa waje ya yi daidai da wanda ke turawa ciki. Watau tilas riƙon ƙasa ya yi daidai da turin bango. Ku riƙe wannan da kyau, gama nan maganar ta ke.

Na uku, kada tsani ya juya. Kowane yaro ya san in ya tura ƙofa ta bakin mariƙi ta kan buɗe da sauƙi, in ya tura kusa da hinji sai ya sha wuya. Ƙarfin juyi shi ne ƙarfi sau nisansa daga wurin juyawa. Arkimidis na tsibirin Sisili, wanda ya mutu shekara 212 kafin haihuwar Almasihu, shi ya rubuta wannan ƙa'ida ta ma'auni. A tsani, mu ɗauki gindi a kan wurin juyawa. Nauyi yana so ya juya tsani wajen bango, nisansa kuwa a ƙasa a ke auna shi, daga gindi zuwa daidai ƙarƙashin inda nauyin ya ke. Turin bango yana so ya juya shi baya, nisansa shi ne tsawon bango daga ƙasa zuwa kan tsani. Tilas biyun su yi daidai.

Iyakar riƙo

Riƙon ƙasa yana da hali kamar na mai bin umurni. In bango ya tura da kilo 7, ƙasa ta riƙe da kilo 7. In ya tura da 30, ta riƙe da 30. Amma tana da iyaka, in an wuce iyakar sai ta saki.

Don in san iyakar daɓen kawu, na samo guntun katako irin na tsanin, mai nauyin kilo 2. Na ari sikelin rataya wajen wani mahauci, na maƙala, na ja a hankali. Katako bai motsa ba sai da sikeli ya nuna kilo 1. Na aza dutse mai kilo 2 a kai, sai da ya nuna kilo 2. Na kifa katakon ta gefensa siriri, amsa ba ta sāke ba. Ashe iyakar riƙon wannan daɓe rabin abin da ke danna shi ne. Wannan rabo, watau rabi a nan, shi zan riƙa kira awon riƙo.

Ba ni na fara ganin wannan ba. Leonardo da Vinci na Italiya ya rubuta shi cikin takardunsa tun 1493, ya ƙiyasta riƙo a kan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyi, amma bai buga ba. Guillaume Amontons na Faransa ya sāke ganowa cikin 1699, ya ce riƙo yana ƙaruwa gwargwadon nauyi, kuma bai kula da faɗin abin da a ke ja ba. Charles Coulomb, shi ma Bafaranshe, ya ci kyauta cikin 1781 saboda gwaje-gwajensa a kan haka, ya nuna riƙon abin da ke tsaye ya kan fi na abin da ya riga ya soma zamewa. Dalilin rashin kula da faɗi kuwa, Bowden da Tabor na Jami'ar Kambirij sun bayyana shi cikin littafinsu na 1950. Kome santsin abu, fuskarsa cike ta ke da 'yan tuddai da ido ba ya gani, kan tuddan nan kaɗai ke haɗuwa. In an ƙara nauyi sai su ƙara mannewa. Ruwa, da sabulu, da mai, da ƙurar hunturu su kan shiga tsakani su rage wannan mannewa.

Lissafin tsanin Baba

Tsanin mita 5 ne, mataki 16, tsakanin kowane biyu santimita 30. Nauyinsa kilo 20. Baba da kayan aikinsa wajen kilo 60. Ƙarzar da gindin ya bari a daɓe ta nuna na ajiye shi mita 3 daga bango. Kansa ke nan yana mita 4 daga ƙasa, gama 3 sau 3 da 4 sau 4 sun ba da 25, watau 5 sau 5. Magina sun san wannan awo na uku, huɗu, biyar, da shi su ke fid da kusurwar ɗaki.

Tokarar ƙasa: 20 da 60, kilo 80. Iyakar riƙo: rabin 80, kilo 40. Wannan 40 ba ta sākewa, ko Baba yana mataki na fari ko na ƙarshe.

Yanzu sai turin bango. Tsakiyar tsani tana sama da wurin da ke mita 1.5 daga gindi, saboda haka juyin tsanin kansa 20 sau 1.5 ne, watau 30. A ƙara juyin mai hawa, a raba da tsawon bango, mita 4.

Baba yana mataki na huɗu: ya hau mita 1.2 a jikin tsani, a ƙasa kuwa ya matsa mita 0.72, gama kowace mita 5 ta tsani mita 3 ce a ƙasa. 60 sau 0.72 ya ba da 43.2. A haɗa da 30, a raba da 4, turin bango kilo 18.3. Bai kai rabin iyaka ba. Ga dalilin da ya sa na yi tsallena lafiya.

Baba yana tsakiya: 60 sau 1.5 ya ba da 90. A haɗa da 30, a raba da 4, kilo 30.

Baba yana mataki na goma, inda na saki: mita 3 a jikin tsani, 1.8 a ƙasa. 108 da 30, a raba da 4, kilo 34.5. Saura ƙiris, amma ido ba ya ganin haka.

Baba yana mataki na goma sha biyu: mita 3.6 a jikin tsani, 2.16 a ƙasa. 129.6 da 30, a raba da 4, kilo 39.9. An zo bakin iyaka. Da ya ɗaga ƙafa zai ƙara taki, ƙasa ta saki.

Da a ce zai iya kai wa can ƙarshen tsani, da bango ya tura da kilo 52.5.

Da na ga wannan lissafi jikina ya yi sanyi, gama a mataki na goma sha biyu ɗin nan Baba ya ke sa'ad da ya faɗo. Tun lokacin da na jawo gindin tsani aka yanka wurin faɗuwar. Yana wajen mita 2.9 daga ƙasa, wanda ya faɗo daga nan kuwa ya kan isa ƙasa kafin daƙiƙa ɗaya ta cika, da gudun wajen kilomita 27 a awa.

Akwai abu biyu da ya kamata a lura. Na fari, in tsani ya soma zamewa ba ya tsayawa. Riƙo ya ragu kamar yadda Coulomb ya nuna, ga shi kuma gindi yana ƙara nisa, kai yana ƙara saukowa, turin bango yana ƙara yawa. Na biyu, gwajin tsani daga ƙasa ruɗi ne. Tsanin nan shi kaɗai yana bukatar riƙon kilo 7.5 cikin nauyin 20. Da mutum a tsakiya yana bukatar 30 cikin 80. In kun raba za ku ga rabon ɗaya ne, 0.375. Ma'ana, duk tsanin da ya iya tsayawa shi kaɗai zai ɗauki mutum har tsakiya ba tare da zamewa ba, ƙato ne ko yaro. Daga tsakiya zuwa sama ne hatsari ke farawa, can kuwa faɗuwa ta fi muni.

Ɗaya cikin huɗu

To, da yaya ya kamata in ajiye shi? Hukumomin kiyaye lafiyar ma'aikata na Ingila da na Amurka duk sun tsaya a kan awo kusan guda: kowane taki huɗu na sama, taki ɗaya a ƙasa. Wannan ya kan ba da kusurwa wajen digiri 75.

Mu gwada da tsanin nan. A sa gindi mita 1.2 daga bango, kai zai kai mita 4.85, a gefen indararo. Ko Baba ya hau can ƙarshe, juyin tsani 20 sau 0.6 ne, watau 12, nasa kuma 60 sau 1.2, watau 72. A haɗa, 84, a raba da 4.85, kilo 17 da ɗan ƙari. Iyaka kuwa 40. Tsani guda, daɓe guda, mutum guda, bambancin duka mita 1.8 ce ta wurin ajiye gindi.

Ga asirin awon a taƙaice. Ko da dukan nauyi ya taru a kan tsani can sama, rabon riƙon da a ke bukata ba zai wuce nisan gindi a raba da tsawon bango ba. Nawa 3 cikin 4 ne. Na ƙa'ida 1 cikin 4, busasshen daɓe mai kaushi kuwa ya kan ba da fiye da haka.

Amma kada a mai da awon nan laya. A ce an wanke daɓe da ruwan sabulu, awon riƙo ya sauka zuwa ɗaya cikin biyar. Iyaka ta zama kilo 16, bukata kuwa 17 da ƙari. Tsani zai zame ko da an ajiye shi daidai. Tayil mai sheƙi da a ke shimfiɗawa a gidaje yanzu abin tsoro ne ga mai tsani, balle in ya jiƙe.

Kada kuma a ce tun da kwanciya ce aibu, sai a miƙar da tsani ƙyam. Bango turi ya iya, bai iya ja ba. In gindi ya matso ƙwarai, mutum ya ɗan gincira baya har nauyinsa ya wuce gindin, sai kan tsani ya rabu da bango, a faɗi ta baya.

Wanda ba shi da abin awo, ga dabara. Ka tsaya yatsun ƙafarka suna taɓa gindin tsani, ka miƙe sosai, ka miƙa hannuwa gaba daidai kafaɗa. In tafin hannunka ya sauka a kan mataki, tsani ya yi daidai. In ba ka kai ba, ya kwanta. In sai ka lanƙwasa gwiwar hannu, ya miƙe da yawa.

Aikin mai riƙe tsani

Lissafi ya nuna mini laifina na biyu. Ko Baba ya kai ƙarshe, abin da ƙasa ta gaza bai wuce kilo 12.5 ba. Da na tokare gindin da ƙafata, da na cika wannan giɓi. Da kuma na hau mataki na fari na tsaya, da nauyina na kilo 60 ya mai da tokarar ƙasa 140, iyakar riƙo ta zama 70, alhali abin da zan ƙara wa turin bango bai kai kilo 3 ba. Dafa tsani da hannu ana kallon wani wuri ba riƙo ba ne. Mai riƙo kuma ba ya barin wurin sai mai hawa ya sauko, gama lokacin da tsani ya fi bukatarsa shi ne lokacin da ya ke ganin kome ya yi daidai.

Abin da ya fi mai riƙo aminci shi ne a ɗaure kan tsani da igiya, ko a kafa turke a bayan gindi. A ƙasa mai laushi irin ta fadama da damina gindi ba ya cika zamewa, amma ƙafa ɗaya ta kan nutse, tsani ya karkace ya faɗi ta gefe, saboda haka a shimfiɗa katako mai faɗi a kafe shi. In za a hau kan rufi, tsani ya zarce bakin rufin da wajen mita 1, don a sami abin kamawa. Kada a miƙa jiki gefe har cibiya ta wuce sandunan tsani. Tsanin ƙarfe ko na alminiyam kuwa, a nisanta shi da wayar lantarki.

Yadda na koyar da shi a aji

Yaranmu suna ganin tsani kullum, wajen masu gyaran wuta, da masu ɗora farantin sola, da masu wanke tankin ruwa, da dama cikinsu kuma su a ke sa wa riƙo. Na roƙi malamin da ke duba ni ya ba ni darasi biyu na minti 40, ya yarda. Ga yadda na bi, ko wani zai so ya gwada.

Kayan aiki: rula mai santimita 30, da curin laka, da allon katako, da akwatin ashana cike da yashi, da gutsuren tayil, da ruwan sabulu. Ba a bukatar ko kwabo.

Mataki na ɗaya. Kada ka fara da suna ko ƙa'ida. Ka sa yaro ya jingina da bango da hannu, ya riƙa ja da ƙafafunsa baya kaɗan kaɗan, wani yana tsaye kusa don ya tare shi. Ka tambaye shi me ya ke ji a hannu, me ya ke ji a tafin ƙafa. Shi da bakinsa zai faɗi turin bango da riƙon ƙasa.

Mataki na biyu. A aza akwatin ashana a kan allo, a riƙa ɗaga gefe guda a hankali har akwati ya soma zamewa. A auna tsawon da aka ɗaga, a raba da nisan da allon ya ci a kan tebur. Amsar ita ce awon riƙo, ba sai da sikeli ba. A sāke da akwatin a kife ta gefe, a sāke da akwati biyu a ɗaure tare.

Mataki na uku. A jingina rula da tayil a tsaye, a manna curin laka a ƙasanta, a riƙa matsar da shi sama santimita biyu biyu. Yara su rubuta inda ta zame. A sāke da gindi kusa, a sāke da gindi nesa, a sāke bayan an shafa ruwan sabulu a tebur.

Mataki na huɗu, sai darasi na biyu. A zana tsani a allo da kibiyoyi huɗu, a yi lissafi tare. Yaran da suka ga rula ta faɗi da idonsu ba su gudun lissafin, gani ya kori ji.

Wata yarinya ta tambaye ni, "Malam, in riƙo yana ƙaruwa da nauyi, ashe ƙato ya fi yaro tsira?" Muka lissafa tare. Yaro mai kilo 30 a tsanin nan zai zame a wajen mita 3.9, Baba kuwa a 3.6. Ƙato yana ƙara riƙo, amma in ya hau can sama turin da ya ke ƙarawa ya fi yawa. Ban shirya wannan tambaya ba, ita ce kuwa ta fi kome amfani a ranar.

Tambayoyi don aji

1. Kan tsani zai taɓa bango a mita 6. Ina za a sa gindi? Amsa: mita 1.5.

2. Tsani mai kilo 10, kansa yana mita 4, gindinsa mita 2 daga bango. Mutum mai kilo 70 yana can ƙarshe. Nawa ne turin bango? In awon riƙo rabi ne, zai zame? Amsa: kilo 37.5, iyaka 40, bai zame ba amma yana bakin rami.

3. Don me gwada tsani a mataki na uku ba ya nuna amincinsa?

Kafin in bar Bauchi na je gaida Baba, na tarar an cire masa ɗauri, yana murza yatsu. Na durƙusa na ce, "Baba, ka gafarta mini. Ka faɗa, ban ji ba." Na nuna masa takardar lissafina, na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya yi dariya ya ce, "Ɗana, Allah ya yafe mu duka. Mu ba mu san wannan baƙi ba. Abin da maigidana ya koya mini shi ne, tsani in ya kwanta, so ya ke ya kwantar da kai. Laifina ni ma, na ga kuskure na bi don kunya."

A makarantar Mishan inda na yi firamare an koya mana girmama na gaba, a nan kwaleji ana koya mana auna abu kafin mu yanka hukunci. Ran nan na zubar da biyun duka. 'Yan'uwana, gobe za a tura mu garuruwa, mutane za su riƙa yin shiru in mun yi magana don sun ji an ce da mu Malam. In mai sana'a ya ce abu bai yi daidai ba, mu tsaya mu tambaye shi dalili, kāna mu auna. Ina roƙon kowane ɗayanku ya koyar da darasin nan ko sau ɗaya kafin damina ta kama, lokacin da a ke hawa gyaran rufi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.